Kai yara Selma da Montgomery: tafiyar ta cancanci kuɗinta da wahalarta?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa. Hutun makarantar yara na watan Afrilu ya ƙarato, maigida yana so a nufi Florida wajen wasanni, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da jihar Alabama, tunda daga nan Atlanta ba wani nisa ba ne. So nake yaran su ga Montgomery da Selma da Birmingham, inda baƙaƙen fatar ƙasar nan suka yi gwagwarmayar neman 'yancinsu. Babban shekararsa 13, ƙanwarsa 8. Daga ina ya kamata a fara? Akwai abin da bai kamata ƙaramar ta gani ba? Sannan yaya batun abinci da sallah a hanya?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Maman Khalil ki kama hanyar Alabama, Florida tana nan ba inda za ta je. Daga Atlanta zuwa Montgomery kamar awa biyu da rabi ne a mota. Ki tuna da kun tsallaka iyakar Jojiya agogo zai koma baya da awa ɗaya, sai ki gyara lissafin lokutan sallah da na tikiti.

Ki fara da Montgomery, kuma ki ajiye mota ku taka titin Dexter da ƙafa. A gindin titin akwai wani dandali mai maɓuɓɓugar ruwa, nan ne ake cinikin bayi a da. A wannan dandalin Rosa Parks ta hau bas ranar 1 ga Disamba 1955, ranar da aka kama ta don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera. Idan kuka miƙe sama za ku tarar da ƙaramar coci ta jan bulo inda Martin Luther King yake fasto, lokacin shekararsa 26 kacal. Gaba kaɗan sai ginin majalisar jiha a kan tudu, inda aka rantsar da Jefferson Davis a 1861 a matsayin shugaban jihohin da suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi, har tauraro aka kafa a inda ya tsaya. A gaban wannan ginin kuma tattakin neman 'yancin zaɓe da ya taso daga garin Selma ya ƙare a 1965. Duk wannan a titi ɗaya, tafiyar da ba ta gagari yarinya mai shekara 8 ba. Ban san wani wuri da zai nuna wa yaro tarihin nan a dunƙule kamar titin nan ba.

Alhaji Ɗanlami:
Ku gafarce ni, ni fa ban gane ba. Me ya haɗa ɗan Bahaushe da Selma? Rigimar Turawan Amurka ce da bayinsu, sun yi sun gama. Mu kakanninmu ba a nan suke ba. Kuɗin otal da na mai da za a kashe, a tara a kai yaran gida su ga Gidan Makama da ganuwar Kano, su gaishe da kakanninsu, su ji Hausa a bakin masu ita. Yaranmu na nan ƙasar ko sunan unguwar ubansu ba su sani ba, sai kuma a ƙara cusa musu tarihin wasu.

Ɗan Kumasi:
Alhaji, da girmanka, amma maganar "rigimarsu ce" ba ta zauna ba. A watan Oktoba 1957, wata bakwai da samun 'yancin Gana, ministan kuɗinmu Komla Gbedemah ya tsaya a wani gidan abinci a garin Dover na jihar Delaware ya nemi ruwan lemo, aka ce ba zai zauna ya sha a ciki ba saboda launin fatarsa. Sai da shugaban Amurka Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don a wanke abin kunyar. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa daga New York zuwa Washington don miƙa takardun kama aiki, aka hana shi kofi a wani gidan abinci a Maryland. Minista ne da jakada, ba jikokin bayi ba. Mai gidan abincin bai tambayi asalinsu ba, fata ya duba. Da ni da kai muka sauka a Alabama a 1960, bayan bas za mu zauna, ko da rawani ko babu.

Su ma mutanen ba su ɗauke mu bare ba. King da matarsa sun zo Accra a Maris 1957 bikin 'yancin kai, ya kuma zo Legas a Nuwamba 1960 lokacin rantsar da Azikiwe a matsayin gwamna janar.

Alhaji Ɗanlami:
Na ji wannan, kuma ban musa an zalunce su ba. Abin da nake cewa shi ne a fara da na gida.

Baban Iman:
Alhaji bari in ƙara maka ɗaya da ta shafi takardunka kai tsaye. Kafin 1965 dokar shige da fice ta Amurka rabon gurabe take yi bisa asalin ƙasa, kaso mafi tsoka na mutanen arewaci da yammacin Turai ne, Afirka da Asiya ɗan abin da ba a rasa ba. An soke tsarin ne a Oktoba 1965, wata biyu bayan dokar 'yancin zaɓe da aka sa wa hannu ranar 6 ga Agusta, shekara ɗaya bayan dokar 1964 da ta haramta wariya a wuraren aiki da otal-otal da gidajen abinci. Iska ɗaya ce ta kaɗo su duka ukun. Kuma dokar nan ta 1964 ba launin fata kaɗai ta ambata ba, har da addini. Duk 'yar uwarmu da ke zuwa aiki da hijabi a ƙasar nan, idan aka takura mata da wannan dokar lauya zai tsaya mata. Waɗanda suka sha kulki kafin a samu dokar ba su san mu ba, mu ne muka zo muka tarar da ƙofa a buɗe. Yaro ya san wanda ya buɗe ta, wannan ai sanin ya kamata ne.

Hajiya Uwani:
Ku bar Alhaji ya huta tukuna, a amsa wa baiwar Allah tambayarta ta ƙaramar yarinya, don ita ce mai muhimmanci.

Maman Khalil, 'yata, a Montgomery akwai wurare biyu da ƙungiyar lauya Bryan Stevenson ta buɗe a 2018: gidan tarihin Legacy, da kuma filin tunawa da baƙaƙen fatar da aka yi wa kisan gilla. A filin an rataye ginshiƙan ƙarfe fiye da 800, kowane ɗaya na gunduma guda, an zana sunayen mutanen da aka kashe a cikinta da ranakun. Mutum fiye da 4,400 suka tattara, tsakanin 1877 da 1950. Da farko ginshiƙan daidai tsayinki suke, kina karanta sunaye ido da ido. Kina tafiya ƙasa tana gangarawa a hankali, ba ki ankara ba sai ki ga sun koma saman kanki suna reto. A jikin bango an rubuta dalilan kashe wasu: wannan don ya yi wa Baturiya magana, wancan don ya jefa ƙuri'a, wata don ta yi ƙorafin kashe mijinta. Wasu wuraren babu suna, an rubuta ba a san ko wane ne ba. A gidan tarihin kuma akwai kwalabe jere a bango cike da ƙasar da aka ɗebo daga inda aka kashe kowane mutum, wata ja, wata baƙa, wata fara kamar rairayi.

Mai shekara 13 ya shiga, lallai ma ya shiga, kuma ki bar shi ya karanta da kansa kada ki yi ta hanzarta shi. Mai shekara 8 kam ban ba ki shawarar gidan tarihin ba. Akwai ɗakunan da aka yi kamar kurkukun bayi, da hotunan mutane masu motsi suna magana daga ciki, har da yara masu neman uwarsu. Jikata ta girmi taki, amma ta daɗe tana firgita da dare. Ku rabu biyu, babanta ya kai ta gidan tarihin Rosa Parks, akwai ɓangaren yara a can.

Anti Bilki:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma a gidan Rosa Parks ki ja hankalin Khalil ga waɗanda makaranta ba ta cika ambata ba. Wata tara kafin Rosa, an kama wata yarinya mai shekara 15, Claudette Colvin, a kan laifi iri ɗaya. Wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, ita ta kwana tana buga dubban takardun kira ga ƙaurace wa bas. Sannan kwana 381 mutane suna tafiya aiki a ƙafa ko a motocin taimakon juna, yawancinsu mata masu aikatau a gidajen Turawa. Yara suna ɗauka wata tsohuwa ce ta gaji ta ƙi tashi sai komai ya gyaru. Rosa shekararta 42 a lokacin, kuma ta daɗe tana sakatariyar reshen NAACP na garin, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Shiri ne aka yi, ba tsautsayi ba. Bas ɗin na ainihi ba ya Montgomery fa, yana gidan tarihin Henry Ford a Dearborn, jihar Michigan, kada yaran su sa rai.

Maman Khalil:
Allah Ya saka da alheri Hajiya, wannan shi nake son ji. Akwai kuma abin da maigida ya tayar: yawancin wuraren nan coci-coci ne. Malam Sabo yana nan? Ya halatta mu shiga da yara?

Malam Sabo:
Ina nan, Maman Khalil. Malamai sun yi saɓani a kan shiga wurin bautar waɗanda ba Musulmi ba. Akwai waɗanda suka karhanta, musamman idan akwai gumaka ko hotuna, akwai kuma da yawa da suka halatta idan da buƙata kuma ba a shiga cikin ibadarsu ba. Abin da nake ba mutane shawara shi ne a je a lokacin zagayen baƙi, ba lokacin da suke addu'a ba, a shiga da ladabi, a saurari tarihi, a fito. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a waje, ba a rasa komai ba, domin a cocin Birmingham ma da aka tayar wa bam a 1963, inda aka dasa bam ɗin daga waje ake ganinsa, a gefen ginin.

Amma ina so in ce wa Alhaji Ɗanlami wani abu. Alƙur'ani ya yi ta umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen azzalumai ya kasance, bai ce sai azzaluman garinmu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci Hilful Fudul tun kafin aike, alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla na tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, kuma bayan Musulunci ya yabe shi. Wanda ya jawo alkawarin ma baƙo ne ɗan kasuwa daga Yaman da aka hana shi kuɗinsa. Tsaya wa wanda aka zalunta ba ya tambayar dangi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni direban tirela ne, hanyar 80 da ta haɗa Montgomery da Selma ina bin ta da kaya, don haka bari in faɗi abin da masu zuwa yawon buɗe ido ba sa tsayawa su gani, kuma shi ne yake ci mini rai.

Mutane suna zuwa Selma a manyan motocin safa, a sauke su a bakin gadar Edmund Pettus, inda aka daki masu tattaki a 1965, su taka zuwa tsakiya, su ɗaga waya su yi hoto suna dariya, su koma mota. Ko ruwan sha ba sa saya a garin, barci da cin abinci duk a Montgomery. Ku juya ku dubi titin da ke bayanku: shaguna a rufe, tagogi an toshe da katako, gidaje sun zube. Garin da yake da mutum wajen 28,000 a 1960, ƙidayar 2020 ba ta kai 18,000 ba. Sansanin sojan sama da ke ba mutane aiki an rufe shi tun 1977. Ga guguwar da ta ratsa tsakiyar garin a Janairun 2023 ta ƙara kwashe rufin gidaje. Duk shekara farkon Maris manyan 'yan siyasa suna zuwa su riƙe hannun juna su tsallaka gada a gaban kyamara, washegari garin ya koma yadda yake. Mutanen da iyayensu suka sha barkonon tsohuwa don kowa ya samu ƙuri'a, su ne suke zaune cikin wannan hali. Idan irin wannan zuwan za a yi, wallahi gara Florida.

Alhaji Ɗanlami:
Yauwa. Ga wanda ya san hanya ya faɗa.

Ɗan Damagaram:
A'a Alhaji, ba goyon bayanka na yi ba. Ban ce kada a je ba, cewa na yi a je kamar mutane. A kwana a garin ko a wuni, a ci abinci a gidan abincin 'yan gari, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora a biya shi. Har yanzu akwai tsofaffin da suke kan gadar nan ranar 7 ga Maris 1965, ranar da 'yan sanda suka afka wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe, suna yara 'yan makaranta, wasunsu suna zagayawa da baƙi. Shekara kaɗan ta rage a same su.

Kuma a fara daga cocin Brown, inda aka taru aka tashi, kada a fara daga gada. Idan ka taho da ƙafa daga can za ka gane wani abu: gadar tana da doro, kana hawa ba ka ganin abin da ke ɗaya gefen, sai ka kai ƙololuwa. Mutum wajen 600 suka hau bibbiyu bibbiyu, John Lewis da Hosea Williams a gaba, sai da suka kai saman nan suka hango 'yan sandan jiha sun tare hanya, ga mutanen Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar, a kan dawakai. Ƙasa kogin Alabama ne, da nisa sosai. A nan ya kamata a tsayar da yaro a ce masa: ga abin da suka gani, kuma ba su juya ba. An fasa wa Lewis kai, an bar Amelia Boynton, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar a garin, a sume a kan titi.

Baban Iman:
Ƙarin bayani ga Khalil, don ya san me ya fito da su. A gundumar Dallas inda Selma take, baƙaƙen da suka isa zaɓe sun kai 15,000, amma masu rajista wajen 300 ne. Ofishin rajista kwana biyu kawai yake buɗewa a wata, a ba ka jarrabawa a kan tsarin mulki wadda mai yi maka ita ne zai yanke ko ka ci, sannan mai gidan da kake wa aiki ya ji labari ya kore ka. Gundumar Lowndes da hanyar ta ratsa ta fi muni: baƙaƙe ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, amma farkon 1965 ko mutum ɗaya babu a rajista. Abin da ya tayar da tattakin kuma kisan Jimmie Lee Jackson ne, saurayi mai shekara 26 da ɗan sandan jiha ya harba a garin Marion a watan Fabrairu yana ƙoƙarin kare mahaifiyarsa. Tattakin da ya kai ga nasara ya tashi 21 ga Maris ya isa Montgomery ranar 25, mil 54, mutum wajen 25,000 a ranar ƙarshe.

Kada kuma a nuna wa yaro kamar labari ya ƙare a 1965. Magajin garin Selma na lokacin, Joe Smitherman, ya riƙe kujerar kusan ba yankewa har 2000, shekarar da garin ya fara samun baƙar fata a matsayin magajin gari. A 2013 kotun ƙoli ta rushe wani babban ginshiƙi na dokar zaɓen, kuma gundumar Shelby da ta kai ƙarar a Alabama take, kusa da Birmingham.

Ummi 'Yar Barno:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan gadar. Edmund Pettus janar ne na sojojin masu riƙe bayi, kuma shugaban Ku Klux Klan na jihar, ƙungiyar Turawa masu ta'addanci a kan baƙaƙen fata. Yaya za a ce har yau sunansa ne a rubuce da manyan baƙaƙe a saman gadar? Ni a ganina cin fuska ne, a sauke shi a sa na John Lewis.

Ɗan Damagaram:
Ƙanwata, shi kansa Lewis bai goyi bayan canjawa ba, ya rubuta haka a 2015. Kuma 'yan garin da na yi hira da su da yawa ba sa son a sa sunan mutum ɗaya, suna cewa Lewis ba ɗan Selma ba ne, su kuma sun shekara biyu suna layi a ƙofar kotu ana korarsu kafin manyan baƙi su iso.

Ummi 'Yar Barno:
To a sa sunan 'yan garin mana. Ban ga dalilin da zai sa jikokin waɗanda aka daka su riƙa wucewa ƙarƙashin sunan nan kullum za su kasuwa ba. Mai zuwa ya yi hoto ya tafi shi ne zai ce a bar shi don tarihi.

Hajiya Uwani:
Ni kuma da na tsaya a ƙarƙashinsa sai na ga amfanin barinsa. Jikana ya tambaye ni wane ne wannan, na gaya masa, ya yi shiru ya ce ashe a 1940 aka ɗora sunan, ba zamanin bauta ba. Da an goge da bai yi tambayar ba. Amma gaskiyarki Ummi, masu garin su ya kamata su yanke, ba mu ba.

Ummi 'Yar Barno:
Mun bar ta a nan Hajiya, ban sauka daga ra'ayina ba. Amma ina da saƙo ga Alhaji da ya ce kakanninmu ba sa nan. Akwai wani mutumin Kukawa, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ratsa da shi Sahara aka sayar, ya bi ta Istanbul da Rasha har ya iso Amurka yana ɗa. A 1863 ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Massachusetts a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta. Bayan yaƙi ya zauna a kudu yana koyar da 'yantattun bayi, har a Alabama, kuma a Memphis aka buga tarihin rayuwarsa a 1873. Ɗan Barno ne ya riƙe alli a jihar da Maman Khalil za ta je.

Alhaji Ɗanlami:
Wannan labari ne mai kyau Ummi, Allah Ya ƙara sani. Amma ku amsa mini wannan. Kuna ta maganar 'yancin ƙuri'a a Selma. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, shekara 14 bayan Selma. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana tun zamanin NEPU. Cikin ku masu zuwa Alabama, wa ya taɓa kai ɗansa Gidan Mambayya a Gwammaja ya ce ga inda Malam Aminu Kano ya zauna? Abin da nake tsoro ke nan, yaro ya haddace Rosa Parks bai taɓa jin Gambo Sawaba ba.

Anti Bilki:
Wannan kam ka kama mu Alhaji, kuma magana ce ta gaskiya. Sai dai ɗaya ba ta hana ɗaya. Alabama awa biyu ce da mota daga gidan Maman Khalil, Kano kuwa kuɗin jirgin mutum huɗu ne. Ni ma abin da na lura, yaron da ya tsaya a kan gadar nan shi ne idan aka ba shi labarin Gambo yake gane nauyinsa, don ya riga ya ga me ake nufi da a doke mutum saboda ƙuri'a.

Ɗan Kumasi:
Kada a manta Birmingham, don ita ce ta yara. A Mayu 1963 'yan makaranta ne suka fito daga coci ta titi na 16, aka kama ɗaruruwa a rana ɗaya, washegari Bull Connor, kwamishinan tsaron birnin, ya sa aka sakar musu karnuka da ruwan motar kashe gobara. A filin Kelly Ingram da ke fuskantar cocin an yi wata siririyar hanya da karnukan ƙarfe suka yo tsalle daga bango hagu da dama, dole ka ratsa tsakaninsu. Ranar 15 ga Satumba na shekarar bam ya tashi a cocin da safiyar Lahadi ya kashe 'yan mata huɗu: Addie Mae Collins, Carole Robertson da Cynthia Wesley masu shekara 14, da Denise McNair mai 11. Ba a hukunta kowa ba sai 1977 da aka ɗaure mutum ɗaya, wasu biyu kuma sai 2001 da 2002. Khalil sa'ansu ne, zai fi jin wannan wurin a jikinsa fiye da ko'ina. Daga Montgomery awa ɗaya da rabi ne.

Sannan tunda Musulmi ne yaran, a gaya musu Malcolm X ya yi jawabi a cocin Brown ta Selma ranar 4 ga Fabrairu 1965, bayan ya yi aikin Hajji ya kuma ziyarci Najeriya da Gana a 1964. Kwana 17 bayan jawabin aka kashe shi a New York.

Maman Khalil:
Memphis fa? Maigida ya ce in dai za a yi, a kai har inda aka kashe King.

Hajiya Uwani:
Da nisa 'yata, daga Birmingham kusan awa uku da rabi ne, ga dawowa Atlanta. Da yara biyu zai zama gudu ne kawai. Ku ware mata lokacinta daban. Wurin ya cancanta: otal ɗin Lorraine ne aka mayar gidan tarihi a 1991, ɗaki mai lamba 306 yana nan ta bayan gilashi, ga barandar da aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu 1968. Abin da ya kai shi garin ma yajin aikin masu kwashe shara ne su wajen 1,300, bayan motar shara ta matse abokan aikinsu biyu har lahira.

Ɗan Damagaram:
Idan kun je Memphis ku tsallaka titi ku saurari Jacqueline Smith in kun same ta. Ita ce ta ƙarshe da ke zaune a otal ɗin, aka fitar da ita da ƙarfi a 1988, tun daga lokacin take zaman dirshan a bakin titi. Hujjarta ita ce an kori talakawan unguwar an kashe miliyoyi a kan gini, alhali mutumin da ake tunawa don talakawa ya zo garin. Ba lallai ku yarda da ita ba, ni ma na shiga gidan tarihin kuma na ƙaru. Amma maganarta da abin da na faɗa a kan Selma uwarsu ɗaya.

Batun abinci da kika tambaya: tsakanin Montgomery da Selma kada ki sa ran naman halal. Soyayyen kifi shi ne mafita, tarwaɗa suna da ita sosai. Amma ki yi tambaya kafin ki ci dafaffen ganye da wake, yawanci da naman alade suke dafa su don ɗanɗano, ko ba ki ga naman a faranti ba. Masallatai akwai a Montgomery da Birmingham. A hanya kuwa ki riƙe dardumarki da butarki, a cibiyar baƙi ta Lowndes da ke tsakiyar hanya akwai fili, yin alwala ma ba matsala. Wurin ma a kusa da inda manoman da aka kora daga gonaki saboda sun yi rajista suka zauna a tantuna yake.

Malam Sabo:
Kuma tafiyar ta kai a yi ƙasaru, ku haɗa Azahar da La'asar idan kun matsu.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Mun zauna da maigida ya karanta duk abin da kuka rubuta. Za mu fara da Montgomery, mu raba yaran kamar yadda Hajiya ta ce, mu kwana a Selma mu nemi ɗan gari ya zagaya da mu, mu biyo ta Birmingham a dawowa. Memphis sai wani hutun. Alhaji Ɗanlami, ka turo mini abin da kake da shi a kan Hajiya Gambo, in karanta musu a mota.

Alhaji Ɗanlami:
Zan turo miki da yamma in sha Allah. Har yanzu ina kan bakana cewa gida ne farko, kuma baɗi ina jiran jin kun sayi tikitin Kano. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Anti Bilki:
Amin. Maman Khalil ki sayi tikitin Legacy ta intanet tun yanzu, lokacin hutun makaranta yana cika, dala 5 ne lokacin da muka je. Ki kuma duba ranakun buɗewa na kowane wuri kafin ku tashi, da yawansu suna hutu farkon mako, cocin titi na 16 kuma sai an nemi lokaci kafin a zagaya da mutum ciki.